Rana, iska, ruwa ko kashin shanu: yadda aikin wutar gidana yake tafiya

9 ga Janairu

Toh bismillah. Na ce bari in riƙa rubuta abin nan daki-daki, dan duk wanda na tambaya wacce hanya ta fi wajen samar wa gida wuta ba tare da sayen mai ba sai ya amsa min da ƙarfin gwiwa, wannan yace sola kawai, wancan yace ai injin iska ya fi tunda shi har dare yana aiki, wani kuma ya kawo zancen gas ɗin kashin dabbobi, amma da ka ce masa to yunit nawa zai ba ni a rana sai hirar ta karkata wani wajen. Ni kuwa tambayata kenan. Hanyoyi huɗu zan duba, rana da iska da ruwa da bayogas, kuma ma'auni ɗaya zan ɗora su a kai: yunit nawa kowacce za ta bayar a rana, a watan da ya fi mata muni, a nan inda nake zaune ba a cikin talla ba. Yunit ɗaya dai shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya, irin wanda mitar wuta take ƙirgawa.

Amma kafin nan sai na san yunit nawa gidan yake ci. Na samo ƴar mitar nan da ake sokawa a soket sannan a jona kaya a jikinta, na fara da firij, zan bar shi a kai ya kwana ya yini.

16 ga Janairu

Ga lissafin. Firij yana cin wajen yunit 1.2 a rana. Kwayayen LED goma masu wat 9, awa biyar-biyar, 0.45. Talabijin da dikoda su ma 0.45. Cajin waya da laftof da rauta kamar 0.4, famfon jawo ruwa mai wat 750 na rabin awa shi ma kusan 0.4. Sai fankoki. Wallahi fanka munafuka ce, ba ta da hayaniya a lissafi, kowa firij yake zargi, amma uku masu wat 70 in suka yi awa goma suna juyawa sun cinye yunit 2.1, sun kusa ninka firij ɗin. Jimla yunit 5.

Akwai kuma wanda ba ya cikin kayan gida amma dole a saka shi: inbata, na'urar da ke mai da wutar batir irin wadda kayan gida suke amfani da ita. Ko ba ka kunna komai ba, muddin tana kunne tana shan nata, manyan suna cin wat 30 zuwa 50 haka kawai, in na ɗauki 35 sau awa 24 ya haura 0.8. Dan haka abin da nake nema yunit 6 ne a rana, kuma fiye da rabi da daddare ake cin shi, wanda wannan ne zai zama ciwon kai a gaba. Dutsen guga da hita ban saka su ba, su da rana tsaka za a riƙa kunna su ko a haƙura.

Yau kuma na ɗaura na'urar auna iska a kan dogon ƙarfe saman rufi, mai kofuna uku ɗin nan da ke juyawa, tana ajiye lissafinta da kanta. Iska ba a yanke mata hukunci a yini ɗaya, zan bar ta ta tara.

25 ga Janairu

Ruwa. Shi na fi so a raina gaskiya, dan in lissafi ya hau babu kamarsa. Akwai ƴar ƙorama ba nisa da bayan gida, yanzu ta ja baya sosai, kuma lokacin da ya kamata a auna kenan tunda watan muni muke nema. Na tare ruwan da buhunan yashi ya bi ta bututu ɗaya, na kafa bokiti mai lita 20 a ƙasa ina riƙe da agogon waya, cikin daƙiƙa huɗu ya cika, na maimaita ya sake ba ni haka. Lita 5 a daƙiƙa kenan. Sai gangara, wato tsayin da ruwan zai faɗo daga inda ka ɗebe shi zuwa inda injin yake, na auna da siririn tiyo cike da ruwa irin yadda magina suke daidaita gini, duk iya tsawon da zan iya shimfiɗa bututu mita ɗaya da rabi kawai na samu.

Lissafin ba wuya: lita a daƙiƙa, sau mitar gangara, sau 9.81, sai ka raba biyu saboda asarar bututu da inji da waya. Nawa ya fito wat 37. Sau awa 24 bai kai yunit ɗaya ba. Amma duba abin mamaki, da a ce gangarar mita 10 ce da wannan ɗan ruwan dai, wat 245 zai bayar ba dare ba rana, yunit 5.9, wato gidana gaba ɗaya, kuma da ɗan ƙaramin batir tunda wutar ba ta yankewa. Shi ya sa mutanen da ke zaune a gindin duwatsu suke morewa da injin Pelton, mai ƴan cokula a jikin ƙafa da ruwa ke feshewa da ƙarfi, wanda Lester Pelton ya yi wa rajista a Amurka tun 1880 kuma har yau ana amfani da shi. Wanda ke da ruwa mai gangara da ba ya ƙafewa kada ma ya tsaya sauraron kowa, sai dai ya binciki dokar taɓa ruwa a inda yake dan akwai mutane a ƙasa da su ma suke amfani da shi. Ni dai ƙoramata ta faɗi jarrabawa. Na kwashe buhunana.

3 ga Fabrairu

Bayogas a takarda na gama da shi, ban haƙa rami ba. Ana zuba kashin dabbobi da ruwa a rufaffen tanki da iska ba ta shiga, ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi su fitar da gas, kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari methane ne wanda shi ke ci da wuta, saura yawanci carbon dioxide. Sun fi son ɗumi wajen digiri 35, in sanyi ya shigo sai gas ya ragu. A Sin da Indiya gidaje miliyoyi sun gina irinsa, dan haka ba tatsuniya ba ce.

Matsalar tana wajen mai da shi lantarki. Kubik mita ɗaya na gas ɗin yana ɗauke da zafi kamar yunit 6, amma in ka bi da shi ta ƙaramin janareta yawanci ya tafi a zafi da hayaƙi, in ka samu yunit 1.5 ka gode Allah. Kilo 25 na ɗanyen kashin shanu ke ba da kubik mita ɗaya. Ni mai neman yunit 6 ina buƙatar kubik mita 4, kilo 100 kenan na kashi KULLUM, a kwaso a dama da ruwa a zuba, aikin shanu kamar goma da ke kwana wuri ɗaya. Ga kuma hydrogen sulfide mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cin ƙarfen inji in ba a tace shi ba. Mai garke ko babbar gonar kaji ya dace da shi, kuma ko shi na fi ba shi shawarar ya kai gas ɗin murhu kai tsaye ya yi girki, ya kwashi takin da ke fita ya kai gona, a nan ribar take. Na rufe wannan babin.

14 ga Fabrairu

An shigo kan sola. Na buɗe Global Solar Atlas na Bankin Duniya da kuma PVGIS na Tarayyar Turai, duka kyauta ne, ka taɓa inda kake a taswira su ba ka hasken da ke sauka wata-wata. Abin da ake nema shi ne awannin cikakkiyar rana, ba awannin da gari yake da haske ba. Gari zai iya yin awa 12 da haske amma in ka tattara ƙarfin ya zama daidai da awa 5 na rana mai wat 1000 a kan kowace murabba'in mita. A wajena matsakaicin shekara ya ɗan haura 5, watan da hadari ya fi rufe sama kuma yana sauka wajen 4. Da 4 zan yi aiki.

Na ari fanel ɗaya mai wat 550 dan in gani da idona. Babba ne fa, tsawonsa ya haura mita biyu, mutum ɗaya ba ya hawa tsani da shi. Lambar 550 ɗin nan a ɗakin gwaji aka same ta, da haske wat 1000 a murabba'in mita kuma jikin fanel ɗin yana digiri 25. A kan rufi da tsakar rana jikinsa yana kaiwa 60, ka taɓa gilashin sai ka janye hannu, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.35 cikin ɗari, ka ga kashi 12 ya tafi tun ba a je ko'ina ba. Mutane suna zaton zafin rana ne ke ba da wuta, a'a haske ne, zafin ma cutar da shi yake yi. Shi ya sa ake ɗaga shi daga kan kwano a bar iska ta riƙa bi ta ƙasa.

Sai na yi gwajin inuwa. Mita tana nuna wat ɗari huɗu da ƴan kai, na ɗauko kwali da bai fi tafin hannu biyu ba na rufe gida ɗaya tak a cikin ƴan gidajen nan da ke jere a fuskar fanel ɗin, nan take lambar ta zube, ba daidai da girman kwalin ba, sashe guda ne ya fita daga aiki. Gidajen a jere suke kamar bututu ɗaya, ka matse wuri ɗaya ruwa ya ragu har ƙarshe, sai dai akwai ƴan diyod a bayan fanel da ke tsallake sashen da ya toshe dan kada duka ya mutu. Wannan ya sa na koma kallon rufina da sabon ido: inuwar tankin ruwa, ƙarfen eriya, har sandar na'urar iskar da na kafa da kaina, duk sai an san inda suke faɗawa daga ƙarfe tara zuwa uku.

Zafi da ƙura da waya da caji da inbata, in ka haɗa asararsu ka cire kwata. Fanel ɗaya: 0.55 sau 4 sau 0.75, yunit 1.65 a rana a watan muni. Huɗu za su ba da 6.6, a fili murabba'in mita 10 kacal. A 1954 da Bell Labs suka fito da na farko mai amfani kashi 6 cikin ɗari na hasken yake mayarwa wuta, na yanzu sun haura 20, kuma masu ƙera su suna ba da garantin shekara 25 tunda babu abin da ke motsi a ciki balle ya cinye.

1 ga Maris

Na sauko da lissafin na'urar iska. Matsakaicin gudu mita 3.5 a daƙiƙa. A jiki kam kana jin iska, labule na kaɗawa, amma inji ba labule ba ne.

Ga inda maganar take. Ƙarfin iska ba ya tafiya kai da kai da gudunta, gudun ake ninkawa a kansa sau uku. Iska mai gudun 8 ba ninki biyu na mai gudun 4 take bayarwa ba, ninki takwas ne. Ɗauki injin da fukafukansa ke zana da'ira mai faɗin mita 2, irin wanda nake gani ana tallarsa a intanet da sunan wat 1000. Ba ƙarya suka yi ba, zai ba da 1000 ɗin, amma a iska mai gudun mita 12 a daƙiƙa, wadda ke kaɗa manyan rassa ta hana ka riƙe lema. A gudun 8 wat 295 ne, a gudun 4 wat 37, ƙasa da 3 kuwa yawancinsu ko caji ba sa farawa, sai dai ka gan su suna juyawa gwanin sha'awa. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Kuma akwai iyakar da babu injin da zai tsallake, Bajamushe Albert Betz ya lissafa ta a 1919, kashi 59.3 cikin ɗari na ƙarfin iskar, ƙananan na gida kuwa in sun kai 30 sun yi ƙoƙari. Duk tallan da lambobinsa suka wuce wannan iyaka ka san inda za ka ajiye shi.

Na yi masa adalci fa. Tunda iska ba ta tafiya da gudu ɗaya, lokutan da ta taso suna ba da fiye da rabonsu, dan haka na kusa ninka lissafin biyu kamar yadda ake yi. Duk da haka yunit ɗaya da ɗigo ya ba ni a rana. Fanel ɗaya tilo ya doke shi, ba hasumiya, ba ƙara, ba bearin da zai cinye, ba jijjiga a jikin gini. Dama an taɓa yin gwaji a Birtaniya tsakanin 2007 da 2008, gwajin Warwick, suka bi diddigin ƙananan injinan iska 26 da aka kafa a kan gine-gine, abin da suka samu ya yi ƙasa ƙwarai da alkawarin masu ƙerawa, a wurin da ya fi muni ma wutar da na'urar injin ke ci ta fi wadda ya samar. Iskar cikin unguwa a hargitse take, gini da bishiya sun yayyaga ta. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce injin ya ɗara duk wani abu da ke kusa da shi da kamar mita 9, to wa zai kafa wannan a tsakar gida.

Amma kada a ce na tsani iska. Wannan injin dai in ka kai shi bakin teku ko kan tudu a fili inda matsakaici ya kai 6, lissafi yana ba da sama da yunit 5 a rana, kuma da daddare da lokacin hadari yana aiki, lokacin da sola take barci. A irin wannan wurin haɗa su biyu shi ne wayo. Sai a tuna injin iska ba kamar fanel ba ne da za ka cire masa kaya ya zauna lafiya, in batir ya cika dole a samu inda za a zubar da rarar wutar, in ba haka ba ya yi ta gudu har ya tarwatse.

12 ga Maris

Sola ta ci, amma nasarar tata rabi ce tunda yunit 3.5 na dare sai an ajiye su. A nan ne ainihin kuɗi da rigima suke. Na zauna da mai haɗa sola, dattijo ne da ya daɗe a harkar, nace masa Injiniya ni fa batir mai ruwa, wato na dalma, nake tunani tunda shi aka sani, yace Malam ɗauko takarda.

Batir huɗu masu bolt 12 da amfiya-awa 200, a rubuce yunit 9.6 ne, amma na dalma ba a sauke shi ƙasa da rabi in ana son ya yi kwana, dan haka 4.8 ne naka. Nauyinsu ya kusa kilo 240, suna son a riƙa duba ruwansu, suna son ɗaki mai iska dan suna fitar da hydrogen lokacin caji, kuma zafi maƙiyinsu ne, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana raba rayuwarsu biyu. Fasahar tun 1859 take, Gaston Planté na Faransa ne ya ƙirƙiro ta. Lithiyam irin LiFePO4 guda ɗaya mai bolt 51.2 da amfiya-awa 100 yunit 5.12 ne, kana iya cin kashi 90, ka samu 4.6, kusan abu ɗaya kenan a akwatin da bai wuce kilo 50 ba, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai inda na dalma yake ɗaruruwa zuwa dubu da ɗoriya. Ya fi tsada ranar saye, ya fi sauƙi in ka raba a kan shekaru. Sharaɗinsa BMS mai kyau a ciki, wato ƴar na'urar da ke kula da cajinsa da saukewarsa, kuma masu zama a ƙasashen ƙanƙara su sani ba a cajinsa ƙasa da digiri sifili.

Injiniyan ya kuma dage a haɗa tsarin a kan bolt 48. Wat 3000 a kan bolt 12 amfiya 250 ne, waya kamar babban yatsa, a kan 48 kuwa 62 da rabi. Inbata mai tsabtatacciyar wuta wadda za ta ɗauki fizgar firij da famfo, dan lokacin tashi suna jan ninki uku zuwa biyar na abin da aka rubuta musu. Kwantirolar caji irin MPPT, mai daidaita bolt ɗin fanel da na batir, ba PWM ba, tunda fanel ɗin manya ne kuma bolt ɗinsu bai yi daidai da na batir ba. Wani abu da ya faɗa wanda da yawa ba su sani ba: inbatar da ke jone da layin wuta kawai ba batir, in layi ya ɗauke ita ma kashe kanta take yi ko rana na tsaka, an yi haka ne dan kada ta kashe ma'aikacin da ke gyara a kan fol.

20 ga Maris

Kafin a ɗora komai na canza fankoki uku zuwa masu wat 30. Yunit 1.2 ya fita daga lissafi, kuma yawanci daga na dare, wato daga wuyan batir. Duk cikin aikin nan babu abin da ya ba ni riba da sauri kamar wannan. Buƙata ta sauko 4.8, amma fanel huɗun na bar su yadda suke, rarar ta ranakun hadari ce.

2 ga Afrilu

An ɗora. Suna fuskantar ɓangaren ikwaita, wanda ke arewa da ikwaita kudu zai kalla, wanda ke kudu da ita kuma arewa, kuma mun karkata su sama da digiri 10 dan ruwan sama ya riƙa wanke ƙura da kansa maimakon ya kwanta. Bireka ta DC tsakanin fanel da inbata, fiyus dab da batir, abin kare tsawa, da sandar as (earth) da ake kafawa a ƙasa. Sandar na'urar iska na matsar da ita can kusurwar da inuwarta ba ta taɓa gilashi.

A ranakun nan batir yana cika kafin azahar, daga nan inbata ta rage jan wuta daga fanel tunda ba inda za ta kai ta, dan haka na mai da famfo da guga zuwa tsakanin sha biyu da biyu, wutar da da asararta za a yi. Da asuba ina samun batir a wajen kashi 45. Wannan duk lissafin watan sauƙi ne, ba na ɗaukarsa a matsayin hukunci, sai hadari ya jera kwana biyu ko uku ba rana sannan za a san ko batir ɗaya ya isa ko sai an ƙara na biyu, na bar masa wuri a kan shelf da waya mai kauri da za ta ɗauka. Na'urar iska za ta ci gaba da ƙirga har shekara ta zagayo, ƙorama ma zan sake kai mata bokiti in ta cika dan in samu lambar ɗaya ɓangaren. Saura in wanke fanel biyu in bar biyu da ƙurarsu na sati uku in ga nawa ƙura take ci, sai dai dole in samo mita ta biyu tukuna tunda yanzu duka huɗun a layi ɗaya suke.